Shirin Ƙaramar Sallah a Zangon Kumasi: Abin da Ake Farawa da Shi, da Abin da Ake Bari Sai Jajibiri

Aikin Ƙaramar Sallah sananne ne. Wanda aka yi bara shi za a yi bana: ɗinki, cefane, markaɗe, kitso, lalle, zakkar fidda kai, kuɗin motar masu tafiya gida, goron Sallar yara. Duk da haka, in ka zaga Aboabo ko Sawaba ko Akwatia Line a daren 28 ga azumi, za ka tarar da magidanta zaune a benci ƙofar tela suna gadin kayansu, mata sun jera bokitai a bakin inji, sahun asham kuwa ya ragu a masallatai. Abin da ya jawo haka shi ne kowa ya bar aikin da ke hannun wani har zuwa lokacin da duk unguwa ke neman wannan hannun. Tela ɗaya ne a layinku, mai lalle ɗaya, kuma hanyar babbar kasuwar Kejetia ba ta ƙara faɗi don Sallah ta matso.

Saboda haka kafin ku tambayi wane aiki ya fi muhimmanci, ku fara tambayar a hannun wa yake. Aikin da sai wani ya yi muku, kamar ɗinki da tikitin mota, shi ake fara kashewa. Sai kayan da ba sa lalacewa, irin su shinkafa, mai, gawayi da takalman yara, a saye su da wuri a ajiye. Abin da ke ruɓewa ko ya yi tsami shi kaɗai ya cancanci kwana biyun ƙarshe. Ibada kuwa lokacinta a ƙayyade yake, ba a matsar da dararen goman ƙarshe, don haka sauran ayyukan ne za su kauce mata.

Takarda a bango, lissafi a kan 29

Ranar da aka sanar da ganin watan Ramadan, ku samu takarda babba ku rubuta 1 zuwa 29, kowace rana da sunanta da kwanan watan Bature a gefe. A 29 za ku tsaya. Watan Musulunci 29 yake yi ko 30, kuma ba wanda zai sani sai daren. Gidan da ya shirya wa 29 wata ya cika 30 ya samu kwana guda na hutu. Gidan da ya shirya wa 30 aka ga wata a 29 shi ne ke soya kaji da ƙarfe biyun dare.

In kun rubuta, ku duba inda Juma'a, Asabar da Lahadi suka faɗo a makon ƙarshe. Juma'a rabin yini ce. Asabar ranar jana'iza ce a ƙasar Asante, ana kafa rumfuna a toshe layuka, ga cunkoson kasuwa. Lahadi shaguna da yawa a Adum a rufe suke, banki kuma ba ya aiki. Idan 28 da 29 suka zo Asabar da Lahadi, to a wajen banki da manyan shaguna jajibirinku Juma'a ce da safe.

Akwai kuma maganar albashi, wadda ke kama ma'aikata da yawa. Azumi na matsowa baya da kwana 10 zuwa 11 duk shekara, albashi kuwa ƙarshen watan Bature yake zuwa. Sallar 2026 wajen 20 ga Maris take, ta 2027 kuma wajen 10 ga Maris. Ke nan a duka biyun albashin Fabrairu ne kuɗin Sallah, na Maris sai an sauko idi da kwanaki. Ranar da kuɗin ya shigo a raba shi nan take: na zakkar fidda kai, na ragowar kuɗin ɗinki, na girkin Sallah, na goron Sallah, da na abincin makon bayan Sallah. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, shi ya sa wasu gidajen ke shiga bashi a satin farko na Shawwal. Masu adashi su daidaita tun a Rajab ko Sha'aban a kan wanda zai kwashe kafin azumi, kada a bari sai an shiga goman tsakiya kowa ya ce shi ne mabuƙaci.

Mai aikin ofis ko kamfani yana da hutun shekara na aƙalla ranakun aiki 15 bisa dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003. In kana son kwana biyu ko uku a goman ƙarshe, ko za ka shiga i'itikafi, rubuta takardar nema tun kafin azumi ya kama. Ranar idi hutun ƙasa ce, amma jajibiri ranar aiki ce.

Ɗinki

Nan ne mafi yawan ɓacin ran Sallah yake, don haka za mu ɗan daɗe a kai. Yadi ya kamata ya isa hannun tela kafin a ga watan azumi, mafi kyau a tsakiyar Sha'aban. Wanda bai samu hali ba, to kada ya wuce 5 ga azumi. Daga 10 zuwa sama, telan da ya karɓi kayanka ko dai aiki ya yi masa ƙaranci, ko kuma ya karɓa ne don kunyar idonka, zai haɗa ka da wasu talatin da ya yi wa irin wannan alkawari.

Ku san yawan yadin kafin ku shiga kasuwa, don komawa neman ƙarin yadi ɗaya mai launi iri ɗaya na iya cinye yini guda, wani lokacin ma a tarar ya ƙare. Kaftani da wando na babban mutum yadi 4 zuwa 5 ne na shadda, gwargwadon tsayi da jiki. Babbar riga da 'yar ciki da wando tana cin wajen yadi 10. Atamfa yadi 6 ta ishi mace riga da zani da ɗankwali, ko GTP ce ko Woodin ko wata. Yaro ɗan shekara biyar zuwa goma yadi 2 zuwa 3. Shafi, zif da maɓallai a saya tare da yadin a ba tela a leda ɗaya.

Yara a sake auna su. Awon bara ba ya aiki, yaro na ƙara tsayi a shekara. A ce wa tela ya bar ninki a ƙafar wando da hannun riga yadda za a iya saki a Babbar Sallah.

Wajen yanka rana kuwa, kada ka ce masa "kafin Sallah". Wannan kalmar a wurin tela tana nufin daren idi. Ka ce, "Malam, ranar 15 ga azumi zan zo gwaji, ranar 20 in karɓa," ya rubuta a littafinsa kana gani, kai ma ka rubuta a takardarka ta bango. Kwana biyar ɗin da ke tsakani na gyara ne: wuyan da ya matse, wandon da ya yi tsawo, aljihun da aka manta. Ka ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, rabi sai kaya sun fito. Wanda ya biya duka tun farko ya rasa abin da zai ja tela da shi, wanda bai ba da komai ba kuma kayansa ne za su zauna ƙasan tari.

Kayan da ke da surfani hannu biyu suke bi. Tela ya yanka, ya aika wa mai injin surfani, shi ma da nasa layin, sannan a dawo a haɗa. In aka ɗauke wuta, injin ya tsaya. Don haka ka tambaya kai tsaye: a shagon ake aikin ko kai wa ake yi? In kai wa ake yi, ƙara mako guda a lissafinka. Kuma ka ɗauki hoton yadinka da waya kafin ka bar shagon, saboda farar shadda goma a kan tebur ɗaya, musanya ba wuya.

In 20 ga azumi ta yi ba a ko yanka ba, karɓo yadinka. Ajiye shi don Babbar Sallah, a saya wa yara na kanti, manya su wanke na bara a sa masa sitaci a goge. Sunna ita ce a sa mafi kyawun tufafin da ake da su, ba a shar'anta sai sabo ba. Idan kuɗi ko lokaci bai isa kowa ba, yara ne gaba, don su ne abin ke yi wa ciwo in suka ga sa'o'insu.

Ku kuma teloli, lissafin naku ne ya fi na kowa sauƙi, in za ku yi shi. Shagon da ke gama kaya huɗu a yini, daga 1 zuwa 26 ga azumi zai yi 104. Cire ranakun Juma'a, ranakun da ba wuta, da ranar da yaron shago zai kwanta ciwo, abin da ya rage bai fi 85 ba. In littafi ya kai nan a rufe shi, ko wa ya zo. A yanki ƙyallen kowane yadi a maƙala a shafin mai shi tare da awo da ranar karɓa. Cewa mutum "ba zan iya ba" ranar 8 ga azumi ya fi sauƙi a kan ɓuya masa ranar 29.

Kasuwa sau biyu, ba sau bakwai ba

Kafin a je kasuwa a ƙirga kwanuka. Mutanen gida kaɗai ba su ne lissafi ba, sai an haɗa da gidajen da za a kai wa abinci: surukai, malamin makarantar yara, maƙwabta Musulmi da Kirista, da baƙin da za su shigo barka da Sallah. Uwargida ta zauna ta rubuta sunayen. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ciyar da manya shida zuwa bakwai. Kaza ɗaya tana ba da yanka takwas zuwa goma. Ke nan kwano 40 na buƙatar shinkafa kilo 6 zuwa 7 da kaji 5. In ba a yi wannan lissafin ba, ko dai a dafa abin da zai kwana ya lalace, ko a tura yaro neman ƙarin shinkafa ranar da kowa ya rufe shago.

Zuwan farko tsakanin 10 da 15 ga azumi ne, na kayan ajiya: shinkafa, man gyaɗa, tumatirin gwangwani, fulawa, sukari, busasshen ganyen sobolo (zoɓo), citta, kanumfari, magi, gawayi, robobin rabon abinci, takalma da hulunan yara. Takalmi a tafi da yaron, ko a zana tafin ƙafarsa a takarda a yanke a tafi da ita. Albasa ma tana iya shiga nan in za a baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa. A leda take ruɓewa.

Zuwa na biyu ranar 26 ko 28, na ɗanyen kaya: tumatir, tattasai, attaruhu, kabeji, karas, ayoyo in za a yi tuwo. Wannan ba sai an kai Kejetia ba. Kasuwar Asawase ko ta unguwa ta isa, don ɗan bambancin farashin kuɗin mota da kuɗin kayayo, wato mata masu dako, za su cinye shi, ga rabin yini da za a bari a hanya.

Lokacin fita shi ne bayan asuba. Ka bar gida da ƙarfe shida da rabi, ka dawo kafin goma. A waɗannan shekarun azumi na faɗowa a Fabrairu da Maris, lokacin da zafin Kumasi ya fi tsanani, kuma mai azumi a cikin cunkoson unguwar Dr. Mensah ko Alabar da rana tsaka ya gama amfani a wannan yinin. Daga huɗu da rabi na yamma zuwa magariba kuwa kada a sa wata fita mai nisa. Masu tashi daga aiki da masu gaggawar shan ruwa duk suna kan titi, direban pragya, wato keke mai ƙafa uku, shi ma azumin yake yi, ga barci a idonsa. A rubuta jerin sayayya bisa yadda layukan kasuwa suke, don kada a riƙa komawa baya. A yi ciniki da kayayo kafin ta ɗauki kaya, kuma kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Gas, wuta da ruwa su ne ƙananan abubuwan da ke tsayar da babban girki. A cika tukunyar gas tsakanin 20 da 22 ko da ba ta ƙare ba, a ajiye buhun gawayi a gefe. A sa wa mitar wutar ECG kuɗin da zai kai bayan Sallah. A cika duro da manyan jarkunan ruwa da ake kira galan Kufuor tun 27, a lissafa kamar galan ɗaya ga kowane mutum a yini, ban da na girki.

Abin da ake iya gamawa a kicin kafin lokaci

Miyar jajjage ita ce uwar girkin Sallah, kuma ba ta buƙatar jajibiri. A kai markaɗe da sassafe kafin layi ya taru, a tafasa har ruwan ya ƙone, a soya da mai har man ya taso sama. In ta huce a zuba a leda a shimfiɗe ta fale-fale a firiza, ta fi saurin daskarewa da saurin narkewa. Daga ita za a yi jollof, daga ita za a yi miyar waakye.

Cincin a soya ranar 22 ko 24. Sai ya huce sarai kafin a rufe, in ba haka ba tururi zai sa ya yi laushi. A roba mai murfi yana wuce mako biyu. Sobolo kuwa kada ya wuce kwana ɗaya kafin Sallah, kuma a cikin sanyi, domin da sukari da abarba a zafin nan yana saurin tsami.

Kaji suna tsada a kwanakin ƙarshe. Mai firiza ya saya da mako guda, a yanka a gyara a daskarar. Wanda ba shi da ita kada ya tara masu rai a tsakar gidan haya, ga abinci, ga ƙazanta, ga rigima da maƙwabta, wata ma ta mutu kafin ranar. Gara ya biya mai kaji tun da wuri a ajiye masa zuwa 28. Game da ɗauke wuta: firizar da ta cika in ba a buɗe ta ba tana riƙe sanyi kusan kwana biyu, mai rabin kaya kwana ɗaya, firij kuwa awa huɗu kawai. Don haka a cike gurbin da ya rage da ledojin fiya wata su daskare, a kuma hana yara buɗewa. Daskararren nama a sauko da shi cikin firij da daren 28 ya narke a hankali. Dafaffen abinci kuma kada ya wuce awa biyu a waje ba a raba ba ko ba a ɗumama ba, musamman shinkafa da salak mai mayonis.

Goman ƙarshe

A lissafin Musulunci dare ke gaba da yini. Daren 27 shi ne wanda ke shiga bayan an sha ruwan azumi na 26. Mutane da yawa na rikicewa a nan, su sa babban aiki da yammacin 26, su isa masallaci a gajiye a daren da suka fi sa rai. Tunda Lailatul Ƙadri a dararen mara ake nemanta, 21, 23, 25, 27 da 29, tsarin da ya fi dacewa shi ne manyan ayyuka su faɗo a safiyar ranakun cika, wato 22, 24, 26 da 28, a gama su kafin azahar, a kwanta bayan azahar, a shiga daren da ƙarfi. Safiyar ranakun mara kuwa an kwana a tsaye, sai ƙaramin aiki.

Barci a raba shi biyu ko uku. A Kumasi rana na faɗuwa wajen shida da 'yan mintuna, asham ta ƙare kusan takwas da rabi, alfijir kuma ya keto wajen ƙarfe biyar. Wanda zai tashi tahajjud ya kwanta da tara da rabi, ya samu awa uku kafin a fara, ya ƙara bayan asuba in aikinsa ya bari, sannan minti 30 zuwa 45 bayan azahar. Hirar bayan asham a majalisa da latsa waya a kan gado su ke cinye waɗannan awa ukun. Direbobin motocin haya na trotro da pragya da masu babur, wannan maganar ta fi shafarku, don barcin da kuka rasa a kan titi zai kama ku, da rayukan mutane a bayanku.

Mai son sauke Alƙur'ani ya yi lissafi da shafi. Bugun Madina shafi 604 ne. Shafi 4 bayan kowace salla yana kai mutum kwana 30 da ɗoriya, ke nan in wata ya yi 29 bai sauke ba. Shafi 5 bayan kowace salla yana gamawa a kwana 25, ya bar rarar ranakun rashin lafiya ko tafiya.

Akwai abin da ya kamata magidanta su ji da kyau. A gidaje da yawa Baba da samari suna masallaci, Mma da 'yan mata suna kan murhu daga la'asar har sahur, wata guda cur, sannan girkin Sallah ya hau kansu. Su ma daren nan suke nema. A rage kalolin buɗa baki a goman ƙarshe: koko da ƙosai ko masa, da abinci ɗaya mai nauyi da zai kai sahur, ya wadatar. Ɗiban ruwa, kai markaɗe, cika gas, shara, guga da figar kaji aikin samari ne, a rubuta sunan kowa a gefen aikinsa a takardar bango. In an ce "wani ya je", ba wanda zai je. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, mata uku ko huɗu na iya karɓa-karɓa wajen girkin buɗa baki, kowacce ta samu darare biyu ko uku ba ta taɓa tukunya ba.

Kitso a yi shi tsakanin 24 da 26, a ɗaure da ɗankwali. Lalle 27 ko 28 da safe, kuma a kama layi tun mako guda kafin nan. Mai lalle a hannu ba ta aiki na awanni, don haka kada lallenta ya haɗu da ranar soye-soye. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje, a gwada ɗigo ɗaya a hannu kwana biyu kafin a zana wa yarinya. Askin yara maza 25 ko 26 da safe.

Masu tafiya Tamale, Yendi, Salaga, Wa ko Bolga su kama hanya a 26 ko 27, a motar safe. Ba a fafe gora ranar tafiya: a je tasha kwana biyu kafin nan a ji lokacin tashi da kuɗin kaya, a sayi tikiti in ana sayarwa. Mai zuwa Bawku ya fara tambayar 'yan'uwa halin hanya da lokacin dokar hana fita. Kuɗin da za a aika wa iyaye a gida ya isa gare su kafin 15 ga azumi, su ma tela da kasuwa ke jiransu. A jajibiri masu MoMo, wato wakilan tura kuɗi ta waya, kan rasa tsabar kuɗi, don haka a cire abin da ake buƙata da wuri, a nemi canjin sidi 5 da 10 na goron Sallah tun 25. Lokacin ne kuma 'yan damfara ke yawan kira suna cewa sun turo kuɗi bisa kuskure. Ka duba asusunka da kanka, lambar sirri kuma ba a faɗa wa kowa.

Zakkar fidda kai da daren duban wata

Sa'i ɗaya ake fitarwa ga kowane rai da maigida ke ciyarwa, har jariri, daga abincin da aka fi ci a gari: masara, shinkafa ko gero. Sa'i mudu huɗu ne na Annabi (SAW), wato kusan kilo biyu da rabi zuwa uku. Gida mai mutum goma zai fitar da kilo 25 zuwa 30. In da olonka, wato gwangwanin awon hatsi, za a auna, a fara ɗora cikinta a sikeli sau ɗaya, don gwangwanayen ba girmansu ɗaya ba. A auna ranar 27, a ƙulla, a rubuta sunayen waɗanda za a ba. An yarda a bayar da kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah, kuma ana so ta fita kafin a tafi idi. Bayarwa a 28 ya fi amfani, musamman masara, domin wanda aka miƙa wa tsabar masara da safiyar idi sai ya nemi injin niƙa, alhali mai injin ma ya tafi masallaci.

Bayan an sha ruwan azumi na 29 a saurari sanarwar ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ko ta limamin da kuke bi, a rediyo ko a masallaci. Saƙon da aka turo a WhatsApp ba mai suna ba hujja ba ne. Wasu shekarun akan samu saɓanin rana tsakanin ɓangarori, don haka gidan da ke da mabiya biyu su tsayar tun da wuri wace rana za a yi babban girki. Kafin magaribar 29 ya zama an goge kaya an rataye na kowa daban, hula da takalmi a gefe, an wanke tukwane, an yanka albasa da kabeji an sa a sanyi.

Ranar idi da yawon barka

Mai girki ta ɗora shinkafa bayan asuba, don ta sauke kafin fita. Banɗaki ɗaya a gida mai mutum ashirin, kowa minti goma, ya haura awa uku, saboda haka a fara yi wa yara wanka tun kafin asuba, amma kada a sa musu kayan Sallah sai sun ci abinci. Sunna ce a ci wani abu kafin fita idin Ƙaramar Sallah, ko dabino ne. A tambayi lokacin salla tun daren, kowane fili da nasa. Mai zuwa Babban Masallacin Kumasi daga Aboabo ko Asawase gara ya taka da ƙafa, ya fita da awa guda, wurin ajiye mota ba ya samuwa. Kowane ƙaramin yaro a sa masa takarda mai lambar waya a aljihu, a kuma nuna wa manyan inda za a haɗu in an rabu. Da yamma lokacin gangara, wato zagayen Sallah, babura na gudun ganganci, ƙananan yara kada su fita ba babba.

Ziyara a jera ta bisa unguwa, a raba wa kwana uku. Ranar farko iyaye, surukai da malamai, tare da gidan da aka yi rasuwa cikin shekarar da wanda ke kwance ba lafiya, don su ne suka fi jin rashin zuwan mutane. Rana ta biyu ɓangaren Tafo da Moshie Zongo a fita ɗaya, ta uku Ayigya da sauran na nesa. 'Yan'uwa na Accra da Arewa da ƙasashen waje a kira su bayan la'asar, in ƙafa ta ɗauke. Rabon abinci yaro ɗaya ya ɗauki layi ɗaya, a robobin da ba sai an dawo da su ba, in ba haka ba za a kwashe mako ana bin kwanuka.

Daga Ƙaramar Sallah zuwa Babba kusan kwana 70 ne, mako goma. Mai niyyar layya ya tambayi kuɗin rago a Mayanka ta Kaase a makon farko na Shawwal, ya ɗora wani abu a kai saboda tashin farashi, ya raba gida goma, ya fara ajiye kashi ɗaya duk Juma'a. Yadin da aka karɓo daga tela ba a ɗinka ba kuma a mayar masa a mako na biyu, lokacin da shagonsa ba kowa.